Batirin rimot ɗin mota ya mutu a Legas: gosulo, mai agogo, Ladipo ko kamfani?

Rimot ba ya mutuwa farat ɗaya. Da farko kana buɗe motarka tun daga bakin get, sai ka ga dole ka matso kusa, daga nan sai ka danna sau biyu ko uku kafin ta amsa. Idan mai tashi da maɓalli ce, wani rubutu zai riƙa fitowa a gaban direba yana cewa batirin makulli ya yi ƙasa, kai kuma kana cewa gobe. Ni goben tawa ta same ni ne a Mile 12, ana tsuga ruwa, ga kwandon tumatir biyu a ƙasa, ga yaron da ya ɗauko min yana jiran sallama.

Tun daga ranar nake lura da yadda mutanenmu na Agege da Idi-Araba da Alaba Rago ke yi da wannan ɗan ƙaramin abu. Hanyoyi biyar ne, kuma kowacce na da masu rantsuwa da ita. Abin da na fahimta shi ne batirin kansa ba wata tsiya ba ce, kuɗinsa bai kai na cin abincin rana ba. Makullin da yake ciki shi ne dukiya. Duk zaɓin da za ka yi, ka auna shi da abin da zai yi wa makullin.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Kuɗi, amma har da na mota ko man da za ka ƙona da yinin da za ka ɓata, don a garin nan tafiya daga Ajah zuwa Mushin ta fi abin da za ka sayo tsada. Sai ƙarko, wato wata nawa zai kai ka kafin ka sake buɗe rimot ɗin. Sai sauƙi. Na ƙarshe shi ne haɗari: fasa kwanson, lalata fanel ɗin ciki, ko makullinka ya shiga hannun da bai kamata ba.

Kafin komai, lambar batirin

Waɗannan batira masu kama da sulalla duk bolt 3 ne, kuma lambar da ke jikinsu girmansu take faɗa. CR2032 na nufin faɗin milimita 20 da kaurin milimita 3.2. CR2025 faɗinsu ɗaya amma kaurinsa 2.5 ne, CR2016 kuma 1.6. Su CR1632 da CR1616 faɗinsu milimita 16 ne. Kauri shi ne yawan wutar da ke ciki: CR2032 ya ninka CR2016 fiye da sau biyu. Shi ya sa idan mai tebur ya ce maka "duk ɗaya ne, Alhaji, zai shiga", gaskiya ya faɗa rabi. Zai shiga, amma zai yi lako-lako a mazauninsa, wuta ta riƙa ɗaukewa, kuma ya ƙare da wuri. Wanda ya fi kauri kuma, in ka tura shi da ƙarfi, ya lanƙwasa ƙarafan da ke riƙe shi.

A motocin da suka cika titunanmu, Honda Accord ɗin da ake kira EOD da DC suna amfani da CR1616. Camry Muscle mai makullin murɗawa CR2016 take sha, mai maɓalli kuma CR1632, haka ma Lexus RX350 ta 2010 zuwa 2015. Toyota da Honda masu maɓalli na baya-bayan nan yawanci CR2032 ne, Benz da yawa CR2025. Duk da haka kar ka dogara da ni ko da wani. Motocin tokumbo, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje, sun sha hannu, wani rimot ɗin ma ba wanda ta fito da shi daga kamfani ba ne. Ka buɗe, ka karanta abin da ke jikin tsohon.

Na ɗaya: batirin gosulo da na kan tebur

Shi ne wanda ake miƙo maka ta taga a titin Ikorodu ko ka tsinta a tebur a ƙarƙashin gadar Oshodi, biyar a kati ɗaya, kusa da tocila da abin yanke farce. Kuɗin katin gaba ɗaya sau da yawa bai kai na gangariya guda ɗaya ba. Sauƙi kam babu kamarsa, ko fakin ba sai ka yi ba.

Matsalarsa biyu ce. Ta farko jabu: suna na babban kamfani ne a jiki, abin da ke ciki kuwa Allah kaɗai ya sani. Ta biyu rana. Batirin litiyom mai kyau yana iya shekaru a ajiye bai rasa komai sosai ba, amma a inuwa. Wanda ya yi watanni yana gasuwa a hannun ɗan talla daga safe zuwa magariba ya riga ya tsufa kafin ya zo hannunka. Na taɓa sayen irinsa a gosulon gadar Third Mainland, mako uku ya yi min. Na sa na biyu daga katin, shi ko sati biyu bai cika ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ban ga laifin yaron ba.

Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne duk buɗewa ɗaya tana cin rimot. Ƙananan haƙoran roba ne ke riƙe da kwanson, kuma ba a yi su don a riƙa ɓalle su duk wata ba. Wanda ya buɗe sau shida a shekara, ƙarshenta salatif zai naɗa. Amfanin wannan batiri ɗaya ne: ya fitar da kai daga inda ka maƙale, ya kai ka gida.

Na biyu: ka sayi gangariya, ka sa da hannunka

A nan zan daɗe, don ita ce hanyar da nake bi.

Sunayen da aka sani su ne Panasonic, Energizer, Duracell, Maxell, Renata na ƙasar Suwizalan, da Murata, wanda ya sayi sashen batira na Sony a 2017. Ana samunsu a manyan shagunan zamani, da manyan kantunan magani saboda na'urar awon sukari ma irinsu take sha, da shaguna masu rasit a Computer Village ta Ikeja. Guda ɗaya zai ci maka ninkin na titi sau da dama, amma har yanzu maganar 'yan canji ake idan ka kwatanta da makullin. A intanet ma akwai, Jumia da Konga, sai dai can kasuwa ce mai 'yan tireda barkatai, ka duba wane ne mai sayarwar da abin da waɗanda suka saya suka ce.

Yadda ake rage shan jabu: ka duba ranar ƙarewar aiki a jikin kwalin, ka duba rubutun da aka zana a kan ƙarfen ko ya fito tsaf, ka guji kwalin da ya koɗe ko aka sake liƙewa. Idan kana da mitar awon wuta, ko akwai riwaya kusa, sabo yana nuna kusan bolt 3.2 zuwa 3.3. Wanda ya nuna ƙasa da 3 tun yana sabo, mayar musu. Ka kuma kiyayi LIR2032. Girmansu ɗaya da CR2032 amma shi na caji ne, wutarsa ta haura bolt 3.6, ba a yi rimot ɗinka don shi ba.

Ƙarko: makullin murɗawa mai rimot a jiki yakan kai shekara uku zuwa huɗu da batiri mai kyau, saboda sai ka danna yake aiki. Na mota mai maɓalli shekara ɗaya zuwa biyu ne, don shi kullum kunnensa a buɗe yake yana sauraron kiran motar. A gidajen Legas da ake ajiye mota a gindin taga, makulli kuma a rataye a bayan ƙofa, su biyun kwana suke suna hira, batiri na zuba. Haka idan kana ajiye shi kusa da talabijin, kwamfuta ko cajar waya. Ka nisanta shi. Yawancin makullan Toyota masu maɓalli suna da dabarar barci: ka danne maɓallin kullewa, kana riƙe da shi ka danna na buɗewa sau biyu, 'yar fitilar za ta ƙifta sau huɗu. Daga nan ya daina sauraro har sai ka sake taɓa wani maɓalli. Makullin ajiya da ke cikin durowa ya kamata a bar shi a haka.

Aikin kansa minti biyar ne. Ka zare ƙaramin makullin ƙarfe da ke ɓoye a ciki, za ka ga 'yar tsaga a inda ya fito ko a gefe. Littattafan mota na Turai da Amurka sukan ce a sa sulalla a murɗa. A Najeriyar yau sai ka yi yawo kafin ka ga sulalla, don haka ka nemi ƙaramin sukundireba mai faɗin baki ka naɗe bakinsa da ƙyalle. Murɗawa ake yi a hankali, ba ɓanɓara ba. Kafin ka cire tsohon, ɗauki hotonsa da waya don ka san ina alamar + take kallo. Ka ɗago shi da tsinken sakace, kar ka sa ƙarfe ka ƙwaƙule fanel. Sabon kuma ka kama shi ta gefe-gefe, don maiƙon yatsa na rage haɗuwar wuta. Wasu batiran Duracell an shafa musu abu mai ɗaci don yara, kuma a wasu na'urori shafin kan hana wuta wucewa sosai. Idan ka sa rimot bai amsa ba, goge shi da ɗan sifirit ka sake gwadawa. Ka yi aikin a kan tebur ko tire, ba a cinya cikin mota ba, don maɓallan roba suna zubowa, kuma abin da ya faɗa ƙarƙashin kujera ya tafi ke nan.

Masu Honda mai makullin murɗawa, ku yi hattara da ɗan ƙaramin sukurun da ke bayansa. Kansa laushi gare shi, in sukundireban bai yi daidai ba zai cinye, daga nan sai an kai wa masu aiki. Garin neman gira a rasa ido.

Maganar da ta fi duk wannan muhimmanci: tsohon batirin da ka cire. Ko ya daina tayar da rimot, da sauran wuta a cikinsa. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, cikin awa biyu yana iya ƙona naman wurin, har ya kai ga rasa rai. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya da yara ke rarrafe ko'ina, kar ka jefar da shi a ƙasa ko ka bar shi a kan taga. Naɗe shi da salatif ka fitar da shi daga gidan. Idan kuwa ana zargin yaro ya haɗiya, asibiti kai tsaye, ba a jira a ga alama, ba a sa shi amai.

Na uku: mai gyaran agogo

Kusan kowace kasuwa da bakin babban masallaci akwai shi da ɗan akwatinsa na gilashi, a Agege, a Obalende, a Idumota, da yawansu ma 'yan uwanmu ne. Hannunsa ya saba da ƙananan sukurori, yana da kayan aikin da suka dace, kuma ladansa kaɗan ne. Ga wanda idonsa ya fara rauni ko hannunsa ke rawa, ko mai Hondar da na ambata, wannan ya fi masa.

Rauninsa batirin da ke cikin akwatin. Wani yana ajiye mai kyau, wani kuma na kati biyar ɗin nan ne ya ɓalle ya jera. Ni abin da nake faɗa wa mutane: sayo naka gangariya, ka kai masa ya sa, ka biya shi ladan hannu. Ka ce, "Baba, ga batirin na zo da shi, sa min kawai za ka yi." Ba zai ji haushi ba, kuma a gabanka zai yi.

Na huɗu: masu makulli na Ladipo

Ladipo da ke Mushin ita ce cibiyar kayan gyaran mota a Legas, kuma a cikinta akwai masu aikin makulli na gaske, da injin yanka da kwamfutar saitawa. Zuwa can don batiri kaɗai ɓarnar yini ce. Amfaninsu yana fitowa ne idan ka sa sabon batiri mai kyau rimot ya ƙi tashi. A nan ciwon ya wuce batiri: ko maɓallin ciki ya ɓalle daga fanel, ko ruwa ya shiga. Wanda ya taɓa kutsawa cikin ambaliyar Lekki da makulli a aljihu ya san zancen, kuma iskar gishirin bakin teku ma tana sa ƙarafan ciki su yi kore. Su za su wanke, su yi walda, su canza kwanson da ya fashe su mayar da fanel ɗinka na asali ciki.

Haɗarin a nan ya fi na ko'ina, kuma iri biyu ne. Na farko aljihu. Tun daga bakin titi 'yan kamasho za su tare ka, kuma duk wanda ya raka ka shago, kuɗinsa na cikin abin da za a caje ka. Sannan akwai maganar da aka fi damfarar mutane da ita, wai tunda an cire batiri dole a sake saita makullin da kwamfuta. A mafi yawan motoci ba haka ba ne. Lambar sirrin tana zaune a ƙwaƙwalwar rimot ɗin ko babu batiri. Ƙalilan ne ke buƙatar a sake daidaita su, kuma wannan ma sau da yawa da makullin da maɓallansa ake yi a cikin motar. Ni kaina wani ya taɓa karɓar nawa ya shige ciki, ya fito bayan minti goma ya ce ya yi saiti, ya yanka min kuɗi. Daga baya na gane batiri kawai ya canza. Na biyu tsaro. Makullin ƙarfe cikin 'yan mintoci ake kwafarsa. Kar ka bari a ce "bari in kai wa ɗan'uwana a can layin". Inda makullinka ya je, ƙafarka ta je. Ya fi kyau bakanikenka ya haɗa ka da wanda ya sani mai shago tsayayye.

Idan ta kai ga sayen wani rimot, ka sani na motocin da aka shigo da su daga Amurka da Kanada yawanci a kan zangon rediyo na megahaz (MHz) 315 suke magana, na Turai kuma 433. Kamanninsu ɗaya a ido amma ba sa jin yaren juna. Ka sa a gwada lambar da ke bayan tsohon da ta sabon, kuma kar ka biya sai an buɗe, an kulle, an tayar da motar a gabanka.

Na biyar: kamfanin motar

Batiri na asali, ma'aikaci da ya san samfurin, rasit. Kuɗin ya fi na ko'ina nesa ba kusa ba, kuma wataƙila ka zauna jiran layi don aikin minti biyar. Yana da ma'ana ga motar da ke cikin garanti, ko motar ofis da akanta ke neman takarda, ko makullin da aka liƙe shi ruf. Misali tsofaffin makullan BMW masu siffar lu'ulu'u, batirinsu na caji ne da aka yi wa walda a ciki, yana cajin kansa idan makullin na jikin mota. Wannan ba aikin sukundireba ba ne, sai kamfani ko ƙwararre a Ladipo.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Batirin gosulo | Mafi araha | Makonni ko 'yan watanni, sa'a ce | Nan take | Jabu, yawan buɗe rimot |
| Gangariya, da hannunka | Kaɗan | Shekara 1 zuwa 4, gwargwadon makulli | Minti biyar | Fasa kwanso in an yi gaggawa |
| Mai gyaran agogo | Kaɗan, da ladan hannu | Ya danganta da batirin | A unguwa | Ƙarami, in a gabanka ne |
| Ladipo | Matsakaici zuwa mai yawa | Mai kyau a hannun na kirki | Yini guda | Cajin banza, kwafar makulli |
| Kamfani | Mafi tsada | Kamar na gangariya | Nisa da jira | Kusan babu |

Idan ya riga ya mutu kana tsakiyar hanya

Ba ka maƙale ba, ko da yake ranar Mile 12 ban san haka ba. Ƙaramin makullin ƙarfen nan yana buɗe ƙofar direba. A wasu motocin ramin na ɓoye a ƙarƙashin wata 'yar murfin roba a jikin hannun ƙofa. Ƙararrawa na iya tashi, za ta yi shiru da ka kunna motar. Ka taka birki, ka manna rimot ɗin a jikin maɓallin tayarwa, ka danna. Akwai ɗan ƙwayar tsaro a cikin makullin da ba ya buƙatar batiri, daga motar yake samun wuta idan ya matso sosai. Wasu motocin, kamar Nissan na wasu shekaru, rami suka tanada da ake zura rimot ɗin. Ka gwada wannan yau a gida da rana tsaka, ka kuma zura makullin ƙarfen a ƙofa ka murɗa, don ramin da ya shekara biyar ba a taɓa shi ba a damshin Legas yakan cije. Wani lokacin ma ba batirin ba ne: kusa da manyan turakun sadarwa rimot kan rikice, ka gusa kaɗan ya dawo daidai.

Wa ya kamata ya bi wacce

Direban Bolt ko Uber, da duk wanda motar ce abincinsa: gangariya guda biyu, ɗaya a rimot, ɗaya a gida cikin kwalinsa inda yara ba sa kaiwa, ba a aljihun mota ba inda zafi zai dafa shi. Ka canza da alamar farko.

Direban gida da ke tuƙa Alhaji ko Hajiya: kar ka buɗe makullin Lexus ɗin maigida da wuƙa don ka burge. Faɗa masa, karɓi kuɗin batiri mai kyau, ka kawo rasit, in hannunka bai saba ba ka biya ta wurin mai agogo. In ya fashe a hannunka, albashinka ne zai ji.

Mai makulli ɗaya tak, wanda haka yawancin tokumbo ke zuwa: kai ne ya kamata ka fi kowa taka-tsantsan wajen buɗewa, kuma kai ne ke da dalilin zuwa Ladipo na gaske. Ka je a yi maka na biyu tun wannan na aiki, don yin sabo alhali akwai ɗaya a hannu ya fi sauƙi da araha sosai a kan ranar da babu ko ɗaya.

Dillalan mota na Berger da masu ɗaukar motoci zuwa Kano ko Kaduna: ku sayi kwalin gangariya na lambobi ukun da suka fi yawa, CR2032 da CR2016 da CR1632. Motar da ta yi watanni tsakanin gwanjo da jirgin ruwa da tashar jiragen ruwa ta Tin Can ba a san shekarun batirin makullinta ba, a canza kafin a kama hanya.

Mai sabuwar mota cikin garanti, ko makullin da ba shi da tsagar buɗewa: kamfani.

Wanda rimot ya mutu masa yanzu-yanzu a Oshodi da magariba: sayi na yaron nan, ka duba lambar ta yi daidai, ka isa gida, cikin satin ka nemo mai kyau.